Saura Ƙiris In Sayar Da Ƙafata Sidi 1,500

 Da niyyata wannan makon mu ci gaba da maganar canji da yadda yake cinye mana uwar kuɗi, to sai wani abu ya gitta. Ranar Juma'ar da ta wuce na je asibiti dubiyar wani yaro ɗan wajenmu, mai tallar agogo da tabarau a kan keke. Mota ta buge shi ta karya masa hannu. Na ce, "Yaro, an je wajen 'yan sanda?" Ya ce, "A'a Baba, ai mai motar mutumin kirki ne. Shi ya kawo ni, ya biya kuɗin kati, ya ba ni sidi 300, na ce na yafe." Na ce, "To lambar motar fa?" Sai ya sunkuyar da kai. Bai riƙe ba, kuma duk cikin waɗanda suka taru a kansa ana salati babu wanda ya riƙe.

Na dawo gida raina a jagule, don kaina na gani a jikin yaron nan. Shi ya sa yau zan ba ku labarin da na daɗe ina kauce wa bayarwa.

Masu bibiyar filin nan sun san a Tamale nake zaune, a arewacin Ghana, sama da shekara ashirin, ina sayar da shadda da huluna da nake saro wa daga Kano. Wanda ya san Tamale ya san garin keke da babur ne. Tsoho da yaro, mace da namiji, kowa tuƙi yake, har akwai hanyar masu keke daban a gefen babban titi. Ni ma tsohon kekena ƙirar Phoenix shi ne motata, shi ne jakina.

Wata ranar hunturu, bayan magariba, na rufe shago a wajen kasuwar Aboabo, na ɗaure ƙunshin shadda a kariya na kama hanyar gida. Ina cikin layin masu keke sai wata motar raba ruwan leda ta karyo kwana daga babban titi za ta shiga lungu, ba sigina ba oda. Abin da na iya tunawa shi ne ƙarar gargare da ya lanƙwashe, sai kuma na gan ni a ƙasa ƙafata ta dama tana kallon inda ba nan ta saba kallo ba. Ƙashin ƙwauri ya karye wuri biyu.

A cikin duk jama'ar da ta taru, mutum ɗaya ne ya yi mini abin da ya fi amfani, wani mai shayi da ke bakin kwanar. Bai taɓa ni ba, bai ɗauke ni ba. Kwalin sukari ya yaga ya rubuta lambar motar, ya rubuta lambar wayarsa a ƙasa, ya cusa mini a aljihu ana ɗora ni a cikin keke mai ƙafa uku. Har gobe kwalin nan yana cikin akwatina.

An yi mini aiki, aka sa ƙarfe. A rana ta biyu 'yan uwa suka fara cewa a sace ni a kai ni wajen mai ɗori, wai asibiti yanke ƙafa suke yi. Ba na raina masu ɗori, na ga waɗanda suka warke a hannunsu sumul. Amma ku riƙe wannan: mai ɗori ba ya rubuta rahoto, kuma babu kamfanin inshorar da zai biya ka a kan "kowa ya shaida na karye." In ma can hankalinka ya fi kwanciya, to bari likita ya fara gani, a ɗauki hoton ƙashi, a rubuta. Ni dai uwargida ce ta kafe ta ce ba inda za a kai ni.

A rana ta uku sai ga mai motar, tare da dattawa biyu da nake jin nauyinsu, da direban, wani yaro da bai wuce sa'an babban ɗana ba, idonsa ya yi ja. Suka zo da goro da lemo da ambulan. Aka yi addu'a, aka jajanta. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Alhaji, ƙaddara ta riga fata. Mu nan zaman amana muke da mutanen garin nan, kada a ce ɗan zango ya kai ɗan gari kotu. Ga sidi 1,500 a sayi magani, a kashe maganar a gida." Sai aka zaro wata takarda da aka buga da Turanci, wai in sa hannu don a kai wa 'yan sanda.

Wallahi na karɓi biro. Abu uku ne suka taru suka danne ni. Ga kunyar dattawa. Ga tausayin yaron nan da aka ce matarsa na da tsohon ciki. Ga kuma abin da ba ma son faɗa a fili, wato tsoron baƙo. Duk daɗewarka a ƙasar mutane, da an ambaci ofishin 'yan sanda sai ka ji gabanka ya faɗi, kana lissafin ko takardar zamanka ba ta ƙare ba.

Uwargida na zaune a kan tabarma a gefen gado, fuska a lulluɓe. Ba ta saba sa baki in manya na magana ba, amma ranar sai ta ce, "Alhaji, a yi haƙuri a bari yarinyar nan ta zo ta karanta tukuna." 'Yarmu ta biyu take nufi, wadda ke makarantar koyon jinya. Dattawan ba su ji daɗi ba, amma suka bar takardar suka tafi da ambulan ɗinsu. Da yamma yarinya ta karanta, ta ce, "Baba, cewa aka yi ka karɓi wannan kuɗi a matsayin cikakken biya, kuma ba za ka sake neman komai ba a wajen mai mota ko wani da ke tsaya masa, har abada." A lokacin kuɗin aikin da aka yi mini kaɗai ya ninka abin da ke cikin ambulan ɗin.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba, sai da malamin da muke ɗaukar karatu a wajensa ya zo dubiya. Na ce, "Allah gafarta Malam, ba na son in zama mai jayayya da ƙaddara." Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ashe karatun Risala da muka yi bai zauna ba? Ka manta da babin hukunce-hukuncen jini, inda aka jera diyyar raunuka ɗaya bayan ɗaya? Waɗanda suka rubuta wannan ba su san ƙaddara ba ne?" Ya ce yafiya alheri ce babba, amma mutum ya san girman abin da yake yafewa, kuma ya tuna bakuna nawa ne ke ci daga wannan ƙafa. Ni bakuna tara ne.

Wanda ya buɗe mini ido a kan dokar ƙasa kuwa maƙwabcina ne, wani Badagombe tsohon akawu da ya yi ritaya. Shi ya fahimtar da ni abin da yawancinmu ba mu sani ba, cewa ba aljihun direba ake bi ba. Tun 1958 Ghana ke da dokar da ta wajabta wa duk motar da za ta hau titi inshorar da ke biyan mutumin da ta raunata ko ta kashe. Takardar nan da masu mota ke sabuntawa duk shekara, da muke ɗauka ta 'yan sandan kan hanya ce kawai, ainihinta domin irina aka yi ta: mai keke, mai tafiya a ƙasa, fasinja. Mai mota ya riga ya biya kuɗin tun kafin ya buge ka. In ka ce ka yafe, kamfanin inshora ka yafe wa, wanda bai san sunanka ba balle ya yi maka godiya. Kuma dokar ba ta ce sai ɗan ƙasa ba. Abin da za a nema a wajenka shaidar ko kai wane ne, fasfo ko katin shaida.

Ya karɓi kwalin sukarin nan, ya danna *920*57# a wayarsa, ya shigar da lambar motar, sai ga sunan kamfanin da ya yi mata inshora da ranar ƙarewarta. Tun 2020 hukumar kula da inshora ta ƙasa, wadda ake kira NIC, ta tattara bayanan inshorar motoci wuri ɗaya, kowa na iya dubawa. Tamu tana da rai, saura wata huɗu.

Daga nan aka shiga wahalar takardu, kuma a nan ne mutane ke sarewa. Babban ɗana ya je sashen 'yan sanda masu kula da haɗurran hanya, MTTD, ya ba da rahoto, aka ba shi fom na likita ya kawo asibiti aka cike. Ɗan sanda ya zo har gadona ya ɗauki bayanina, suka je wurin suka zana yadda abin ya faru, mai shayi ya ba da shaida. Daga baya muka nemi rahoton haɗari a rubuce, wanda ake biyan kuɗi kafin a bayar. Sai rahoton likita, shi kuma ba a gaggawarsa, don sai ƙashi ya kama likita zai iya faɗin kashi nawa cikin ɗari na naƙasa ya rage a jikinka, kuma a kan wannan lissafi ake gina babban ɓangaren kuɗin. Wanda ya yi saurin sasantawa tun yana kwance, ya sayar da kaya bai kwance ɗauri ba.

Rasit kuwa, uwargida ta ware wata tsohuwar gwangwanin madara. Na magani, na hoton ƙashi, na sandunan dogarawa, na gashin ƙafa, duk a ciki. Waɗanda muka yi asara su ne na makon farko, lokacin da hankali ya tashi ana sayen magani a kemis ba a karɓar takarda. Waɗannan ko sisi ba a mayar mana ba.

Wani abu ya kusa ɓata mana komai, kuma na san zai sami da yawanku. Daren da aka kawo ni, wanda ya yanki kati ya faɗi sunan da ake kirana da shi a kasuwa. 'Yan sanda suka rubuta sunana da na mahaifina. Fasfo kuma yana ɗauke da sunana da na garinmu. Mutum ɗaya, suna uku! Sai da na je aka yi mini takardar rantsuwa cewa duk ni ne, wannan kaɗai ya ci mana kusan wata guda. Don Allah duk wanda ya kai ɗan uwa asibiti ya duba katin shaidarsa ya faɗi abin da ke jiki, harafi da harafi.

Maganar lauya. Tun ina kwance wasu ke zagayo ɗakin marasa lafiya da jaka a hammata, suna cewa su za su karɓo maka kuɗi cikin wata ɗaya, kai dai ka sa hannu. Ban ce duka macuta ba ne, amma wanda ba shi da ofishin da za ka je ka same shi, kada ka miƙa masa asalin takardunka. Ni maƙwabcina ne ya raka ni wajen wata lauya. Muka yi yarjejeniya a rubuce cewa ba zan biya komai a gaba ba, in kuɗi ya fito ta ɗauki kason da muka amince. Na ce 'yata ta karanta kafin in sa hannu, lauyar ta yi dariya ta ce, "Alhaji, ka koyi darasi." Wanda ba shi da hali kuma akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta gwamnati, Legal Aid, tana da ofisoshi a manyan garuruwa.

Ita ce ta rarrabe mini abu biyu da nake haɗawa. Shari'ar da 'yan sanda ke kai direba a kan tuƙin ganganci daban take, tarar da alƙali ya ci shi ta gwamnati ce. Neman diyya kuma nawa ne, kuma yawanci ba a ma kai wa gaban alƙali, a teburi ake gamawa da kamfani. Ta kuma gargaɗe ni cewa a Ghana dokar 1972 ta ba wanda aka raunata shekara uku ne kacal ya shigar da ƙara. In suka wuce kana "sai na ji sauƙi," ko kana jiran alkawarin baka, ƙofa ta rufe.

Da aka zo lissafin asarar ciniki sai na raina kaina. Wata biyar shagona na hannun yaro, ciniki ya faɗi warwas, lokacin sallah ya wuce ni ina kwance. Kamfani ya ce ina shaida? Ma'aikacin gwamnati zai miƙa takardar albashi, ni me zan miƙa? Shekara ashirin ina kasuwa, lissafina a ka yake. Abin da ya cece ni littafin bashi ne da nake rubutawa da ajami, da rasit na kuɗin haya da na harajin kasuwa, da bayanin shige da ficen kuɗin wayata da muka nema aka buga mana na shekara guda. Da waɗannan lauya ta nuna abin da ke shigowa kafin haɗari da bayansa. Ba su yarda da duka ba, amma sun yarda da wani abu. Tun daga lokacin kullum kafin in rufe shago sai na rubuta cinikin ranar.

Yanzu bari in faɗi nawa laifin, don kada a ce na wanke kaina. Fitilar kekena ta mutu tun da daɗewa, ina ta cewa gobe zan gyara. Jan madubin baya kuma ƙunshin shadda ya rufe shi. Rahoton 'yan sanda ya faɗi haka, kuma gaskiya ne. Dokar Ghana ta yarda a rage diyya gwargwadon sakacin wanda aka raunata, kamfani kuwa ya kama wannan ya riƙe gam. Tayinsu na farko, da lauya ta karanta mini, sai da na ce ko dai kuɗin keken suke nufi? Ta ce, "Alhaji, kai da ke kasuwa, an taɓa sallamawa a tayin farko?" Nan na gane ciniki ne kamar kowane ciniki, sai dai kayan da ke kan tebur ƙafata ce.

Aka yi ta jeka-ka-dawo. Yau wanda ke riƙe da fayil ya tafi hutu, gobe an aika babban ofis, jibi a kawo wani hoton ƙashi. Da shirun ya yi yawa muka rubuta ƙorafi zuwa NIC, don suna karɓar ƙorafin jama'a a kan kamfanonin inshora, lauya kuma ta aika musu wasiƙar cewa za mu tafi kotu. Bayan nan ne aka kira mu zama. Aka zabge kashi ɗaya cikin biyar saboda fitila, na ce na yarda, don ni na san ban gyara ba.

Wata goma sha huɗu cif daga ranar haɗari kuɗi ya shigo. Bayan lauya ta cire nata, abin da ya rage ya ninka na cikin ambulan ɗin nan fiye da sau goma sha biyar. Kada wani ya ɗauka arziki na yi. Jiran ya faɗo a 2022, shekarar da sidi ya yi mummunar faɗuwa, har hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba. Kuɗin da aka kashe a asibiti da daraja, an mayar mini da shi ya rame. Na biya bashin da na ci a wajen abokan kasuwa, na biya kuɗin makarantar yarinya da aka kusa kora, ragowar na mayar uwar kuɗi. Na keke kuwa ɗan kaɗan aka ba ni, don ɓarnar dukiya tana da iyakar abin da irin wannan inshora ke biya, ba kamar raunin jiki ba.

Wani zai ce, to in motar ta gudu fa, ko ba ta da inshora? A Ghana akwai asusun diyya na musamman a ƙarƙashin NIC domin irin waɗannan. Abin da yake bayarwa ba shi da yawa, amma shi ma ba ya buɗuwa sai da rahoton 'yan sanda da na likita. Wannan ne ma ya sa na tura ɗana ya raka yayan yaron nan mai agogo wajen 'yan sanda ranar Litinin, ko da babu lamba. In kuwa motar baƙuwa ce, ta shigo daga Najeriya ko Togo, a tambayi katin inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, wanda aka kafa tun 1982 domin motocin da ke tsallaka iyaka. Akwai ofishin da ke kula da shi a cikin ƙasa, ba sai ka bi direba garinsu ba.

'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da Benin da Togo, naku tsarin daban ne. Ƙasashenku na bin dokar inshora guda, ta CIMA, wadda aka ƙulla yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. A can wa'adin shekara biyar ne, kuma akwai jadawalin da ake bi wajen lissafin diyya, wanda aka ɗaura a kan mafi ƙarancin albashin ƙasa. Abin da ya fi burge ni, wanda ba shi ke tuƙa mota ko babur ba, irin mai keke da mai tafiya a ƙasa, ba a kafa masa hujja da sakacinsa a kan raunin jikinsa, sai fa in shi ya jefa kansa da gangan. Da a Maraɗi aka buge ni, da matacciyar fitilata ba ta ci mini kashi ɗaya cikin biyar ba. Amma can ma sai an yi konsta, jandarma ko ɗan sanda ya rubuta.

Dattawan nan biyu, ɗaya ya yi wata shida ba ya amsa gaisuwata da kyau. Yanzu mun shirya, har shi ya turo mini wani ƙanensa da babur ya buge matarsa in nuna masa hanya. Direban kuwa na yafe masa tun ina asibiti, na kuma faɗa wa ɗan sanda mai binciken haka da bakina. Ko sisinsa bai shiga hannuna ba. Da matarsa ta haihu ya aiko mini da goron suna, na aika masa da yadi biyar na shadda.

Ƙafa ta kama, sai dai ta ɗan gajarce, in hunturu ya shigo kuma ƙarfen nan yakan tashe ni da asuba tun kafin ladan. A sahu ina zama a kan kujera. Keken an miƙe masa gargare an sa sabuwar kaca, autana ke zuwa makaranta da shi, da fitila gaba da baya, kuma duk daren Lahadi ni da kaina nake duba batirin.